Kwalba Mai Jan Murfi

Nima, ranar Laraba bayan la'asar

Yaya Memuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da abin da kike ɗauke da shi. Allah ya sa Tamale ta karɓe ki, ya tsare ki a garin da ba ki saba da shi ba.

Ki gafarce ni da na ɗauki biro na rubuto miki. Na san ba wurina ba ne. Shekara tara kika ba ni, ke kika goya ni, ke kika koya mini ɗaurin ɗankwali, kuma ko a ɗaki ɗaya muke ban cika iya haɗa ido da ke in yi doguwar magana ba. Da don ni kaɗai ce, da ban fara ba. Mma ce ta zaunar da ni, ta ce in yago takarda daga littafina na makaranta in rubuta abin da za ta faɗa, tunda ita ba ta rubutu. Sau uku ta gwada yi miki saƙon murya jiya, duk ta sa na goge. Ta ce kuma a gidan surukai kike, ba ta san kunnen wa zai ji ba. Don haka gobe da safe zan kai takardar tasha in ba direban motar Tamale, ya kira ki ki karɓa da hannunki.

Maganar a kan kwalbar nan ce mai jan murfi, wadda Mma ta cusa miki a cikin kaya ranar Lahadi, tsakanin shito, soyayyen barkonon nan, da garin yaji, ta ce ki riƙa sa cokali ɗaya a madara mai zafi saboda laulayi. Jiya da ta kira ki ta ce kada ki ƙara taɓa ta, ina tsaye kusa da ita, na ji dariyarki ta cikin wayar. Kika ce ai ita ta haɗa miki da hannunta, kuma sau biyu kika sha, aman ya tsaya, har kin iya cin tuwo. Sai Mma ta kashe wayar. Kada ki ɗauka fushi ta yi. Kasa gaya miki dalilin ta yi.

Yau ba ta fita da koko ba. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ranar kasuwar Nima ta zo tukunyarta tana kife ba. Mutum uku suka leƙo suna tambaya ko rasuwa aka yi mana.

Bari in fara da abin da ya faru jiya a asibiti, don ina wurin, kuma ta bakina maganar ta bi.

Kin san duk wata ake kai Yaya Rashid wurin likitan ƙwaƙwalwa. A da ke kike raka su ki yi wa Mma tafinta. Da kika tafi sai abin ya faɗo kaina, na nemi izini a makaranta. Yaya Rashid ya sa farar rigarsa, muka hau trotro, motar haya, muka isa. Aka karɓi fitsarinsa kamar yadda aka saba, muka zauna jira. Likitar da muka samu sabuwa ce, mace, ba ta jin Hausa, yaren Twi da Mma take ji kuma na ciniki ne, ba ya kai ga maganar asibiti. Ta duba takardar gwajin, ta ce da Turanci har yanzu akwai wiwi a jikinsa. Na faɗa wa Mma. Mma ta juya ta yi masa kallon nan da kika sani, ta ce ya ji tsoron Allah, ya dubi furfurarta.

Yaya Rashid bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ya gaji da rantsuwa. Ya ce shekara biyu ke nan rabonsa da bes ɗin samarin bakin kwata inda suke zama shan shayin ataya, ko sigari bai ƙara sawa a baki ba, amma tunda a gidanmu takarda ta fi shi gaskiya, a rubuta abin da aka ga dama.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Ta ajiye biro, ta ce ya lissafa mata duk abin da yake shiga bakinsa daga wayewar gari har ya kwanta. Ya ce koko da ƙosai, wake da shinkafa da rana, tuwo, ƙwayoyin da suka ba shi, sai shayin Mma bayan magariba. Ta ce a tambayi Mma me take sawa a ciki. Ni na juya tambayar zuwa Hausa, har da ɗan murmushina, don na ɗauka citta da kanumfari za a ce a wuce wurin.

Mma ta lissafa citta, kanumfari, masoro, madarar gwangwani, man shanu, zuma, da ganyen Kaka. Likita ta ce wane ganye ne wannan. Mma ta amsa hankalinta kwance, kamar mai faɗin sunan kuka ko kuɓewa.

"Ai shi ne dai ganyen. Amma ni dafawa nake yi, ba hayaƙi ba ne. Da bismilla nake ba shi."

Yaya, sai da likitar ta kira ni sau biyu kafin na iya fassarawa. Tun ina ƙarama nake jin ana cewa ganyen Kaka, ina ganinsa a tsohon gwangwanin madara a bayan buhun gero, ban taɓa tambayar sunansa ba. Na ɗauka irin su doddoya ne. Ashe abin da aka doki Yaya Rashid a kansa a tsakar gida, shi ne a kan murhunmu.

Mma ta so ta yi gardama. Ta ce ita a saninta gwajin hayaƙi yake gani. Likita ta ce gwajin bai san hayaƙi ba, bai san kofi ba, abin da ke cikin jiki yake nunawa. Ta ce madara da man shanu su ne ma suke jawo ƙarfin ganyen su fito da shi, kuma wanda aka sha ta ciki ya fi na hayaƙi daɗewa yana aiki. Duk ni nake mayar da wannan Hausa, jimla bayan jimla, ina kallon fuskar Mma tana sauyawa. Daga nan likita ta tambaya ko akwai wani da ake ba. Mma ta faɗi sunanki, ta ce kina da ciki wata uku. Likitar ta cire tabarau ta ce a kira ki a ranar, kada a bari sai gobe.

Daga nan zuwa inda zan sake gaya miki, maganar Mma ce. Tana zaune a bakin ƙofa, bayanta jingine da bango, ba ta kallona. Na rubuta yadda ta faɗa, sai inda ta saka Twi na mayar da shi Hausa.

Memuna 'yata, ina gaishe ki, ina gaishe da mijinki da iyayensa. Allah ya kiyaye ki zaune da tsaye. Ba labarin gida zan ba ki ba. Laifina zan ba ki, ki riƙe shi ya yi miki amfani.

Cikinki bai ba ni wahala ba, shi ya sa ba ki ɗanɗani abin nan ba. Cikin Rashid ne ya kwantar da ni. Ko warin albasa na ji sai amai, ruwa ma ba ya zama. Lokacin muna unguwar Maamobi a gidan Kakarku, uwar babanku. Ta dube ni wata rana ta ce zan mutu a banza, ta aiki wani ya kawo mata ganye a ƙunshi, ta shanya a kan kwano, ta daka, ta dafa mini da madara. Na gane shi tun daga warinsa, na ce mata Inna wannan ai abin 'yan iska ne. Ta ce wauta ce ke damuna. Ta ce haukan da zunubin duk a hayaƙin suke, wanda ya hau murhu ya tafasa ya zama magani, haka matan gidansu suka yi tun kafin a haife ta. Ita ba ta wasa da salla, ba ta barin azumin Litinin da Alhamis. Na yarda. Na sha, aman ya tsaya, na ce Allah ya saka mata. Haka na yi ta sha har wata takwas.

Da na haife shi, unguwar zoma ta ɗauke shi a hannu ɗaya don ƙanƙantarsa. Ta tambaye ni ko ina shan giya ko taba ko wani abu. Na ji haushi, na ce mata ni 'yar malamai ce. A zuciyata ba ƙarya na yi ba, don ban ɗauki abin da nake sha a matsayin wani abu ba. Na ci gaba da sha ina ba shi nono. Matan gida suna ta yaba shi, wai yaro mai haƙuri, ba ya kuka, kullum barci. Ina jin daɗi. Jiya likita ta ce abin yana bi ta cibiya ya kai ga ɗan da ke ciki, yana bi ta nono ya kai ga jariri, kuma yana iya sa a haifi yaro bai cika nauyi ba. Tun jiya barcin nan nasa nake gani a idona.

Don haka ki tafi awo, kada ki jira ranar da suka ba ki. Ki gaya wa unguwar zoma kin sha sau biyu, kuma ki kira abin da sunansa na gaskiya, ki ce wiwi. Kada ki ce ganye, kada ki ce maganin gida. Kunyar minti ɗaya ce. Suna da maganin amai da ba ya taɓa yaro. Ki riƙa cin abinci kaɗan kaɗan, kada ki bar cikinki wayam, idan kuma ruwa ya daina zama ki tafi asibiti nan take. Kuma daga yau duk wanda ya miƙo miki magani da sunan wance ko wane, ki ce a gaya miki sunan da ake sayar da shi. Ko ni ce. Musamman ma ni.

Rashid yana shekara goma sha biyu fuka ta kama shi. Damina in ta zo, ɗakinmu ya yi sanyi, sai ki ji ƙirjinsa yana kuka. Ke kina makarantar kwana lokacin. Asibiti sun ba shi abin shaƙa, yana yi masa aiki, amma sai an je an bi layi rabin yini, ni kuma ga tukunyar koko. Na tuna ganyen. Na dafa masa, ya yi shiru, ya yi barci, na ce ya samu sauƙi. Ban tsaya na duba ko numfashin ne ya gyaru ko yaron ne ya bugu ba. Bayan wani lokaci sai ya fara zuwa yana dafa ƙirji ko ba ya tari, ya ce Mma shayi. Ina dariya ina cewa ɗan kwaɗayi, don zumar yake yi.

Yana shekara goma sha shida aka zo aka ce an gan shi a bes yana zuƙa. Kin tuna ranar, kin dawo hutu. Na ɗauki muciya na dake shi a gaban duk mutanen gida, ina tambayarsa wa ya koya masa, ɗan gidan wa ya lalata mini yaro. Na je har ƙofar mutane na zagi 'ya'yansu. Shi kuwa kallona kawai yake yi. Shekara huɗu ina ɗora masa abin a kan harshe, sannan na tsaya ina neman wanda ya koya masa.

Likita ta ce kan yaro bai gama nuna ba sai ya wuce ashirin, kuma abin da babba zai sha ya tashi ya tafi aikinsa, yaro yana iya sha ya bar masa tabo. In Allah ya ba ki naki, kada shirun yaro ya ruɗe ki. Yaron da ya yi shiru bayan kin ba shi abu, ki duba shi da kyau, ki tabbata sauƙi ya samu. Kuma ranar da ya yi abin da ya ba ki kunya, ki fara shiga ɗakin girkinki ki duba kafin ki fita ƙofar maƙwabta.

Akwai wata magana da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Kawunku Idi, ƙanena, wanda na ce muku yana Abijan yana ɗinki, ba ya Abijan. Bai taɓa zuwa ba. Yana da shekara ashirin kansa ya taɓu, ya fara jin muryoyi, yana cewa ana binsa. Aka ce iska ce, aka kai shi wurin mai magani a ƙauye, a can ya rasu. Babanmu ya ce kada a faɗa, don kada a ƙi auren 'yan matan gidan. Na riƙe. Duk likitan da ya tambaye ni ko akwai mai irin ciwon Rashid a dangi, sai in ce babu, ke kuma ki fassara musu babu. Jiya na ce akwai.

Na tambayi likitar ko ni na haukatar da ɗana. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ganyen kaɗai ne ya kawo ciwon ba, mai yiwuwa da ya zo ko ba shi. Amma ta ce gidan da ciwon yake a jini, abin nan ya fi yi musu ɓarna fiye da kowa, yana iya jawo ciwon da wuri, yana iya tayar da shi bayan ya kwanta. Abin da ya ruɗe ni ke nan, Memuna. Na ga maza nawa a Nima suna sha shekara da shekaru suna tuƙa mota, suna walda, ba abin da ya same su a ido. Na manta jininmu ba nasu ba ne. Ki gaya wa unguwar zoma labarin Idi. Ki gaya wa 'ya'yanki in sun yi wayo. Kada ki ƙirƙira musu wani gari kamar yadda na yi.

Ta ƙarshe ita ce ta fi ci mini rai. Da aka sallamo Rashid daga asibiti, ba ya iya zama wuri ɗaya, sai kai da komo a tsakar gida. Na ji tausayinsa, na koma dafa masa shayin don ya samu natsuwa. Ashe kowane kofi faɗa yake yi da maganin asibiti. Wata biyu lafiya, wata na uku ya koma magana shi kaɗai. A yi gwaji, a ga abin, in dawo gida in ce masa maƙaryaci. Ya ɗauki Alƙur'ani ya rantse, na ce ya ajiye kada ya ƙara wa kansa zunubi. Daga nan in shiga in dafa masa shayi don ya huce.

Da aurenki ya zo, tunda babanku ya rasu, Rashid ne ya kamata ya ba da ke. Kika ce mashayi kuma maƙaryaci ba zai zama waliyyinki ba, na ce kin yi daidai, aka kira ƙanen babanku. Rashid ya yi wanka ya sa sabuwar rigarsa, ya tsaya a ƙetaren titi kusa da mai sayar da lemo har aka shafa fatiha. Na gan shi. Ban kira shi ba.

Ba laifinki ba ne, bakina kika bi. Amma ki kira shi. Kada ki aiko saƙo ta bakin Hawa, ki kira shi ya ji muryarki.

Kwalbar kuma, kada ki bar ta a kan kanta ki ce sai kin samu lokaci. Gidan surukanki akwai ƙananan yara, abin yana ƙamshin zuma, cokali ɗaya yana iya kwantar da ƙaramin yaro a kasa tashinsa. Kada ki ba wata mai ciki don kin ga tana wahala. Kada ki zuba a shara inda yara ke wasa. Ki juye a masai, ki wanke kwalbar da sabulu, ki ba direban nan ya dawo mini da ita. Ina son in gan ta wayam da idona.

Na haɗa miki ita da asuba ranar da za ki tafi, ina yi miki addu'a a kan kowane cokali. Allah ya sani alheri na nufa. Amma nufina bai hana abin aikinsa ba a jikin Rashid, ba zai hana a jikinki ba. Ki yafe mini. Allah ya raba ki da cikin nan lafiya, ya ba ki ɗa mai cikakken hankali, ya tsare ki daga sharrin maƙiyi, ya tsare ki daga kuskuren mai ƙaunarki.

Yaya, ni ce Hawa kuma. Nan Mma ta tsaya. Ta tashi ta shiga ɗaki ta ce in naɗe takardar. Abin da zan rubuta yanzu ba ta san da shi ba, kuma ina roƙonki ya tsaya tsakaninmu tukuna.

Ni ma na sha. Sau biyu Mma ta ba ni, saboda ciwon mara na wata. Na farko barci kawai na yi. Na biyu da safe ne, ranar jarrabawar lissafi ta ƙarshen zango. Ina cikin aji zuciyata ta fara bugawa kamar za ta fito, allo ya yi mini nisa, lambobin da ke takardata na kasa haɗa su. Sai na ji kamar duk ajin ni suke kallo, kamar sun san wani abu a kaina. Sau biyu na ji an kira sunana daga baya, na juya, kowa yana rubutunsa. Na miƙa takardar da rabi babu komai. Malamin lissafi ya tambaye ni daga baya me ya same ni, na ce zazzaɓi ne.

Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka ciwon Yaya Rashid ne ya zo kaina. Wata biyar ina ɗauke da wannan. In na ji an yi magana a waje sai in tsaya in tabbata wani ma ya ji. Na daina zama da 'yan ajinmu lokacin hutu don kada su lura da wani abu. Ko a mafarki ban haɗa shi da kofin da na sha da safen nan ba, don Mma ce ta miƙo mini, ta shafa kaina ta ce Allah ya ba da sa'a.

Jiya da Mma da Yaya Rashid suka fita karɓar magani, na tsaya na gaya wa likitar da Turanci. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce tunda abin ya wuce a ranar kuma bai dawo ba, ta fi zaton shayin ne, amma da shekaruna da labarin gidanmu kada in ƙara kusantarsa ta kowace hanya, kuma in na sake jin wani abu in zo wurinta kai tsaye. Na tambaye ta ke fa, tunda kin riga kin sha. Ta ce kada ki firgita a kan sau biyu, abin da ake so shi ne ki tsaya nan. Ta ce gaskiya ne yana kwantar da amai, ta nan yake samun mutane, amma cikin wata uku lokaci ne da ake ginin yaron, kuma duk abin da ya kai kanki yana kaiwa nasa.

Ina gaya miki wannan ne don na san ki. Za ki ce Mma ta tsufa, likita ta tsorata ta. Ni ban tsufa ba, Yaya, kuma na san yadda abin yake daga ciki. Kofi ɗaya ne, ni mai shekara goma sha bakwai, ya yi mini haka. Wanda ke cikinki ko tafin hannuna bai kai ba.

Ba ki tambaya ba, amma na san kina son jin yadda Yaya Rashid ya yi. A asibiti, da Mma ta faɗi maganar, dariya ya yi sau ɗaya, gajera, sannan ya sunkuyar da kai. A hanyar dawowa ya sauka a Maamobi ya ce zai ƙarasa a ƙafa. Mun ji tsoro. Ya shigo dab da magariba, Mma ta taso za ta durƙusa masa, ya riƙe ta da hannu biyu ya ce kada ta yi masa haka, ita uwa ce. Ya shiga ya ɗauko gwangwanin daga bayan buhun gero, ya fita da shi, ya dawo babu. Likita ta ce kwanakin farko za su yi masa wuya, barci zai ƙi, ransa zai riƙa ɓaci, mu yi haƙuri da shi, mu koma bayan sati biyu. Yau da safe shi ya ɗebo ruwa ya cika randa.

Ɗazu da ya ga ina yago takarda ya tsaya a kaina ya ce wa nake rubuta wa. Na ce ke. Na ɗauka zai ce in gaya miki maganganu da yawa, har na gyara riƙon biro.

"Ki ce mata ban yi mata ƙarya ba," ya ce. Ya juya zai tafi, sai ya dawo. "Kuma ta zubar. Kada yaron ya fara tun daga ciki kamar ni."

Ga shi na rubuta yadda ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Hasken rana ya kusa ƙarewa, takardar ma ta cika. Idan na yi rashin ladabi a wani wuri, ki ɗora wa ƙuruciya. Allah ya tsare ki, ya tsare abin da ke cikinki, ya ba Yaya Rashid lafiya, ya sanyaya zuciyar Mma. Ki gaishe mini da mai gidanki.

Abu ɗaya nake roƙo. Yau na gane abin da bakina ya kasa faɗa wata biyar, hannuna ya iya. Akwai sauran abubuwa da ba ni da wanda zan gaya wa tun da kika tafi. Idan kin yarda in sake rubuto miki, ba sai kin kira ni ba, don in na ji muryarki zan kasa magana. In kin wanke kwalbar ta bushe, ki sa 'yar takarda a ciki kafin ki rufe murfin, ko kalma ɗaya ce. Ni zan je tasha in karɓo ta.

Ƙanwarki,
Hawa